Yadda Ake Tsara Sashen Likitancin Iyali a Asibitin Koyarwa Ba Tare da Layi Ya Haɗiye Shi Ba

A kowane asibitin koyarwa na Najeriya akwai wani wuri da ke cika tun kafin rana ta ɗaga, wato sashen ganin likita na waje, wanda ma'aikata ke kira GOPD. Nan mai ciwon kai ke zama kusa da mai tari, da tsohuwar da ƙafafunta suka kumbura, da uwar da ta goyo yaro jikinsa zafi rau. Sashen likitancin iyali ne ke riƙe da wannan wuri, kuma nan ne babbar matsalarsa take. Idan ba a yi tsari ba, layi zai cinye sashen baki ɗaya, ƙwararrun likitoci su koma masu rubuta magani da takardar turawa daga safe har la'asar, koyarwa ta mutu, bincike ya mutu, ƙananan asibitocin da ke kewaye su ci gaba da zama babu mai leƙa su. Aikin shugaban sashe da abokan aikinsa shi ne su mai da layin nan ya zama aji, sannan su miƙa hannu zuwa wajen katangar asibiti.

Dalilin da ya sa jami'a ke buƙatar wannan sashe ya fito fili a wani lissafi da Kerr White da abokansa suka fitar a 1961 daga alƙaluman Amurka da Birtaniya. A cikin manya 1,000 a wata guda, kimanin 750 sukan ji wani ciwo, 250 su ga likita, 9 a kwantar da su, amma mutum 1 kacal ke kaiwa asibitin jami'a. Ɗalibin da bai taɓa ganin kowa ba sai wannan mutum ɗaya zai fita da ilimin cututtukan da ba kasafai ake gani ba, ya je babban asibitin ƙaramar hukuma ya tarar da sauran jama'ar da ba a koya masa su ba. Najeriya ta fara gyara wannan tun da wuri. Bayan taron Alma Ata na 1978, an kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, aka buɗe fannin da daga baya aka sauya wa suna zuwa likitancin iyali. Asibitocin mishan irin su Evangel na Jos da na Baptist a Ogbomoso su ne suka ɗauki nauyin horon farko, domin a can likita ɗaya ke duba yaro da safe, ya yi wa mai naƙuda tiyata da rana, ya ɗaure karaya da dare. Irin wannan likita ne har yau ƙasar ke nema.

Fara da ƙidaya

Kafin a sauya komai, a ɗauki mako biyu ana ƙirga abin da ke faruwa. A sa mutum ɗaya a bakin ƙofa da takarda, ya riƙa rubuta lokacin da mara lafiya ya iso, lokacin da ya yanki kati, lokacin da aka auna shi, lokacin da ya shiga wurin likita da lokacin da ya fito, sai lokacin da ya karɓi magani. A rubuta kuma abin da ya kawo shi da bakinsa, da sunan unguwa ko garin da ya fito. Sau da yawa za a ga cewa jiran likita ba shi ne mafi tsawo ba, lokacin yana tafiya ne a ɗakin kati wajen neman fayil da wurin biyan kuɗi. Ƙara likita ba zai magance wannan ba.

Daga nan sai a yi lissafin ƙarfin sashe. Likitan da ke da awa biyar na ganin marasa lafiya, idan yana ba kowa minti 12, mutum 25 zai gani. Likita shida ke nan mutum 150. Idan masu zuwa sun kai 300, babu dabarar da za ta sa a gan su da kyau, sai dai a rage minti zuwa biyar, a nan ne kuma ake rubuta wa kowa maganin maleriya da na taifot a sallame shi. Wannan lissafi shi za a kai wa hukumar asibiti a rubuce. Da shi ake neman ƙarin ma'aikata, da shi kuma ake kafa hujjar ba masu dawowa ranar da lokacin zuwansu, maimakon kowa ya taru da asuba.

Tantancewa a bakin ƙofa

Layin wanda ya riga zuwa shi ya riga shiga yana kashe mutane. Dole a ajiye gogaggiyar ma'aikaciyar jinya a teburin farko, da na'urar awon jini, da ma'aunin zafin jiki, da 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, da na'urar gwajin sukari, da tef ɗin awon damtsen yara, da agogo mai ƙirga daƙiƙa. A raba mutane gida uku da launi: ja a gan shi yanzu, rawaya cikin awa guda, kore ya bi layi.

Yaron da ba ya iya sha ko kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, ja ne. A ƙirga numfashinsa minti guda cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, alamar ciwon huhu ce. Damtsen da bai kai santimita 11.5 ba a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 tamowa ce mai tsanani. A manya, ciwon ƙirji, zubar jini, ruɗewa, iskar jini ƙasa da 90, ko mai ciki da awon jininta ya kai 160 bisa 110, duk ba sa jira. Mai tarin da ya kai mako biyu a ba shi takunkumi, a zaunar da shi inda iska ke kaɗawa, a karɓi majinarsa don gwajin GeneXpert a ranar. Teburin nan kuma ya san kalandar cututtuka: zazzaɓin Lassa da rani, sanƙarau da bazara, amai da gudawa da damina. Ɓarkewar mashaƙo a Kano daga ƙarshen 2022 ta nuna cewa yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya bai kamata ya zauna cikin sauran yara ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗora sabuwar ma'aikaciya a wannan teburi don ana ganin aiki ne mai sauƙi, ko a bar batirin na'urori ya mutu babu mai alhakin sauya shi. A rubuta sunan mai wannan alhaki a jikin bango.

Asibitin masu hawan jini da ciwon sukari

A nan ake gane ko sashe na likitancin iyali ne ko kuwa tashar wucewa ce. Abin da ya bambanta wannan fanni shi ne ɗorewar alaƙa, mara lafiya ya dawo ya sami wanda ya san shi. Tun da likitoci masu neman ƙwarewa suna zagayawa, ba zai yiwu kowa ya sami likita guda ba, amma zai yiwu a raba sashe zuwa rukuni uku ko huɗu, kowane rukuni da ƙwararren likitansa da ma'aikaciyar jinyarsa da ranarsa. A sa launin rukuni a jikin kati. Duk ranar da mutum ya dawo, rukuninsa zai koma.

A fara da gyara awon jinin kansa, domin yawancin kuskure daga nan yake tasowa. Mutum ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan teburi daidai ƙirjinsa, ba ya magana. Kada ya kasance ya ci goro ko ya sha taba a cikin rabin awar da ta wuce. Mai kaurin hannu yana buƙatar babban maɗauri, idan aka sa masa ƙarami awon zai hau fiye da gaskiya. A auna sau biyu. Ba a ce mutum yana da hawan jini sai awon ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban, sai fa idan ya yi tsananin hawa ko akwai alamun haɗari.

Sannan kowa a sashen ya bi mataki iri ɗaya. Tsarin da Najeriya ta ɗauka don ƙananan asibitoci yana farawa da amlodipine miligiram 5. Idan bayan wata guda awon bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, a haɗa da losartan 50, idan har yanzu bai sauka ba a ninka su zuwa 10 da 100, daga nan a ƙara maganin da ke sa fitsari, in ya gagara a tura gaba. Ba a ba mai ciki losartan, ko wadda ke iya ɗaukar ciki ba ta kan tsarin iyali, don haka tambayar jinin al'ada ba ta da makawa. Amfanin mataki ɗaya shi ne mai sayen magani na asibiti zai san abin da zai tanada, kuma ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya ci gaba daga inda aka tsaya. Babbar illar da ake gani ita ce likita ya ga awo a sama wata uku a jere ya sake rubuta maganin jiya, ko kowane sabon likita ya sauya magani zuwa wanda ya fi so. Kafin a ƙara magani a tambayi mutum yaushe rabonsa da sha. Mutane da yawa suna ajiye shi da zarar ciwon kai ya tafi, wasu kuma kuɗin ne ya yanke. A tambayi gishiri da dunƙule da kanwa a miya, da magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ke tayar da awo su kuma ɓata ƙoda.

Ga ciwon sukari, awon safe kafin cin abinci da ya kai 7.0, wato 126 a ɗaya ma'aunin, shi ne iyaka, a kuma maimaita idan babu alamomi. Metformin ake farawa da shi, miligiram 500 tare da abinci, a riƙa ƙarawa a hankali saboda yana ɓata ciki da farko. Kowane zuwa a sa mutum ya cire takalmi a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, minti ɗaya ne amma yana hana yanke ƙafa. Wanda ke allurar insulin kuma ba shi da firji, a nuna masa yadda zai sa kwalbar a leda ya ajiye a jikin randa ko cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, nesa da rana. Maganar azumi kuwa a fara ta tun a Rajab, kada a bari sai an ga wata. A ware waɗanda azumi zai cutar da su, a sauya lokacin magani ga sauran, a yi hattara da glibenclamide domin yana faɗar da sukari da rana. A gaya musu a fili cewa awon da ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.7 yana nufin a karya azumi. Gayyatar malamin addini zuwa wannan zama tana sa maganar ta fi shiga.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da rajista. Littafi ko kwamfuta, a sami suna, lambar waya biyu, awon ƙarshe da ranar dawowa. Kowace Juma'a a fitar da waɗanda ba su zo ba a kira su. Wanda awonsa ya daidaita a ba shi maganin wata uku, hakan na rage layi ya kuma rage masa kuɗin mota. Kowane wata uku a lissafa kashi nawa ne awonsu ya sauka, a manna a ɗakin taro rukuni-rukuni.

Koyar da ɗalibai

Ɗalibin likitanci ya zo da sanin yadda ake tambayar tarihin ciwo na shafi huɗu. Abin da zai koya a nan shi ne ganin mutumin da ciwonsa bai riga ya sami suna ba. A ba kowane ɗalibi mako huɗu aƙalla, kada kuma a jera su goma a bayan likita suna kallo. Ɗalibi ɗaya ko biyu a ɗaki, ya fara ganin mara lafiya shi kaɗai minti goma, sannan ya gabatar. Malami ya tambaye shi me yake zato, me ya sa ya zaci haka, ya koya masa ƙa'ida ɗaya, ya faɗa masa abin da ya yi daidai da abin da zai gyara. Wannan ba ya wuce minti uku. Amma a sani cewa ɗakin da ake koyarwa ba zai ga yawan mutanen da sauran ke gani ba, don haka a rage masa kaso tun a jadawali. Idan ba a rage ba, ranar da layi ya yi tsawo koyarwa ce za a fara yarwa.

Darasi mafi daraja shi ne na harshe. Mara lafiya ya ce yana da basir, ɗalibi ya rubuta sunan ciwon dubura ya wuce, alhali mutumin yana nufin ciwon baya ne, ko taurin bayan gida, ko raunin mazakuta da yake jin nauyin faɗa. Mace ta ce sanyi ke damunta, yana iya zama ruwa mai fita daga gaba, ko ciwon mara, ko ciwon gaɓoɓi, ko damuwar rashin haihuwa. Shawara tana iya zama rawayar ido, tana iya zama kasala da ɗacin baki. Olsa kan zama sunan kowane zafin ƙirji, har da na zuciya. A koya wa ɗalibi ya ce, Baba, wannan basir ɗin yaya yake yi maka? Hajiya, me kike tsoron ya zama? Sannan ya tambayi abin da aka riga aka yi, ba da faɗa ba: an je kemis, an sha jiƙo ko rubutu, an je wurin wanzami ko maɗori? Wanda aka yi wa tsawa a kan wannan ba zai sake faɗar gaskiya ba. Ɗaliban da ba sa jin Hausa a haɗa su da masu ji, a kuma guji sa ɗa ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a kan abin da ya shafi al'aura.

Matar da ke zuwa kowane wata da ciwon jiki da rashin barci da faɗuwar gaba, an yi mata gwajin Widal sau biyar ana cewa taifot ne, galibi damuwa ce ke cinta. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Tambaya biyu ke buɗe ƙofa: a mako biyun nan kin ji ranki a ɓace ko kin yanke ƙauna, kuma kin daina jin daɗin abubuwan da kika saba jin daɗinsu? Haka nan zazzaɓi, a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani, idan gwajin bai nuna ba a nemi wani dalili.

Kowane ɗalibi ya zana taswirar iyali ɗaya mai zuriya uku, da matan gida da 'ya'yan kowace, da auren zumunci, da masu sikila. Daga taswirar zai gane wa ke biyan kuɗin magani, wa ke ba da izinin fita, ko miji ne ko uwar miji. Ya iya bayyana wa ma'aurata masu AS cewa haɗarin haihuwar mai sikila ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. A kai shi ziyarar gida ɗaya da izinin maigida, ɗaliba mace ta shiga cikin gida inda ake kulle. A ƙarshe a yi masa jarrabawa mai maki, domin ɗalibai ba sa ɗaukar abin da ba a jarraba su a kai da muhimmanci.

Likitoci masu neman ƙwarewa

Horonsu yana bin matakan kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma: jarrabawar share fage, kashi na ɗaya, sai kashi na biyu mai haɗe da kundin bincike. Suna zagaya sassan yara, mata da haihuwa, tiyata, cututtukan manya, ƙwaƙwalwa, ido da sauransu. Matsalar da aka sani ita ce a babban asibiti kowane sashe yana da nasa masu neman ƙwarewa, don haka baƙo daga likitancin iyali yakan ƙare a rubuta takardu da riƙe ƙarfe a ɗakin tiyata. Maganin wannan shi ne yarjejeniya a rubuce da kowane sashe, mai ɗauke da jerin ayyukan da dole ya yi da hannunsa da adadinsu, da littafin da ake sa hannu a ranar da aka yi aikin.

Abin da ya fi wannan shi ne a tura shi babban asibitin ƙaramar hukuma na wata uku zuwa shida, tare da malamin da ke zuwa duba shi kowane mako. A can zai yi tiyatar haihuwa, ya wanke mahaifa bayan ɓari, ya gyara gwaiwa, ya yi allurar kashe ƙasan jiki ta baya, ya farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba. Ya san ba mai jijjigar haihuwa magnesium sulphate giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu, yana duba numfashi da fitsari da harbin gwiwa. Ya san cewa oxytocin da ya kwana cikin zafi a aljihun tebur ya rasa ƙarfi. Ya san artesunate miligiram 2.4 ga kowane kilo, ko 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a farko da awa 12 da awa 24. Sai an tanadi masauki da ruwa da tsaro da mota kafin a tura kowa. Tura likita ƙauye babu mai duba shi ba horo ba ne, kuskurensa kawai zai ƙware a kai. Sudan ta gwada wata hanya a 2010, inda Jami'ar Gezira ta horar da likitoci fiye da 200 na shekara biyu suna zaune a cibiyoyin da suke aiki, ana koya musu ta intanet da ziyarar malamai. Jihar da ba za ta iya sakin likitocinta su tafi birni ba tana iya duba wannan.

Zuwa wajen katanga

A tsarin Najeriya ƙananan asibitoci na ƙananan hukumomi ne da hukumomin lafiya matakin farko na jihohi, manyan asibitoci na jiha, asibitocin koyarwa galibi na tarayya. Likitan jami'a ba shi da iko a asibitin unguwa, don haka sai an fara da takardar fahimtar juna da hukumar jiha. A zaɓi cibiyoyi huɗu ko biyar daga waɗanda ƙidayar farko ta nuna mutane sun fi fitowa daga yankinsu. Wasu asibitocin koyarwa suna da nasu cibiyoyin, kamar Kumbotso ta asibitin Malam Aminu Kano da Yakawada ta asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, a haɗa kai da sashen lafiyar al'umma wajen amfani da su maimakon a tsaya jayayyar wa ya mallaki me.

A je rana guda tsayayya a kowane wata. Wanda ya je ya zauna tare da jami'in lafiyar da ke wurin su ga marasa lafiya tare, su duba rajista da ma'ajiyar magani da firjin rigakafi, su tattauna mutum biyu ko uku da suka ba shi wahala. Idan likita ya je ya karɓe kujera ya ga mutum 80 ya tafi, gobe jama'a za su ƙi ganin jami'in sai ranar likita, an rage masa daraja ke nan ba a ƙara masa komai ba. A ba cibiyoyin lambar waya ɗaya da likitan da ke bakin aiki ke riƙewa. A buga takardar turawa mai ɓangare biyu, na sama mai turowa ya cika, na ƙasa a yage a mayar masa da sunan ciwo da magani da ranar dawowa. Ɓangaren ƙasa shi ne ake mantawa, kuma rashinsa ne ke sa mai hawan jinin da ya daidaita ya ci gaba da tahowa daga nesa shekara da shekaru. Tun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kiwon lafiya na tushe, kuma dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, sashen ya san waɗanne cibiyoyi ne ke cin gajiyar asusun, ya mayar da masu ƙaramin ƙarfi can.

Bincike da kuɗi

Kundin kashi na biyu yakan zama tambayar mutum 300 a layi don gano yawan masu wata cuta, a ɗaure a ajiye a kanta. Gara sashe ya zaɓi tambayoyi biyu ko uku na shekara biyar, kowane kundi ya ɗora a kan na baya: me ya sa masu hawan jini ke ɓacewa bayan zuwa na biyu, kiran waya yana dawo da su, nawa ne kuɗin wata ga iyali. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, aikin likitocin mata ne, amma ya nuna irin binciken da ake nufi: leda mai ma'auni don gane zubar jini da wuri da haɗa magungunan da aka riga aka sani, a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu, ya rage munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100.

Sashen yakan riƙe asibitin ma'aikata da na masu inshora, kuma yana daga cikin masu kawo wa asibiti kuɗin shiga. A nemi hukuma ta mayar da wani kaso tsayayye don man mota, katin waya da takardun rajista. A kuma raba matsayin malamai a fili tsakanin jami'a da asibiti, domin ƙwararren da ke kan albashin asibiti kawai ba ya samun ƙarin girma da koyarwa, ba kuma ya zama a majalisar tsangaya inda ake raba makonnin ɗalibai. A jadawalin mako a keɓe rabin yini biyu ga kowane ƙwararre, ɗaya na koyarwa ɗaya na fita ko bincike, a rubuta sunan wanda zai riƙe ɗakinsa a wannan lokaci, a kuma aika kwafin jadawalin ga ɗakin kati don su rage adadin katin da za su yanka a ranar.